Ƙurajen Leɓen Foman Idrisu

Akwai wani dattijo a unguwar Sharaɗa ana ce masa Malam Idrisu Foman. Shi ne babban foman, wato mai kula da ma'aikata, a wani kamfanin roba, inda ake yin buta da bokiti da kujerun biki. Da shara ya fara aiki a wurin tun yana saurayi, har ya kai matsayin da in ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, duk mai gyangyaɗi a kan inji sai ya wartsake.

Ba mugun mutum ba ne. Matsalarsa dai bai yarda akwai abin da wani ya sani wanda shi bai riga ya sani ba. Ko wuta aka ɗauke injina suka tsaya, sai ya ce ai tun jiya ya faɗa.

Amma abin da ya fi alfahari da shi ba aikin kamfani ba ne. Duk ma'aikacin da aka yi wa haihuwa, Foman ake kira ya tauna dabino ya shafa wa jariri a baki. Aljihunsa ba ya rabuwa da dabino saboda wannan hidima.

Ya kan ce, "Ku dubi ɗan gidan mai gadinmu. Ni na tauna masa, ga shi yanzu yana jami'a."

In aka tuna masa da wani da ya tauna wa, wanda yanzu ba shi da aiki sai musun ƙwallo a bakin titi, sai ya ce, "Wannan tofarwa ya yi, bai haɗiye ba."

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya tashi, sai ya ji gefen leɓensa na sama yana ƙaiƙayi da ɗan zafi, kafin a jima wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito a wurin. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa. Duk lokacin da ya yi zazzaɓi ko ya sha rana, sai sun fito. Ya lakato makilin ya shafa, ya ce zazzaɓin ne ke fita, ya hau babur ya tafi aiki.

A ranar ne aka yi wa Ɗayyabu haihuwa. Ɗayyabu mutumin Jigawa ne, shi ke kan injin buta, mutum mai shiru da girmama manya. Ya zo ya durƙusa ya shaida wa Foman. Da aka tashi aiki suka tafi Ja'en inda yake haya, Foman ya tauna dabino ya shafa wa yaron a baki, ya sumbace shi a kumatu, ya yi addu'a doguwa. Ba wanda ya dubi leɓensa, kowa amin yake ta cewa.

Ba a yi kwanaki ba sai ga babban farin ciki ya zo gidansa shi kansa. 'Yarsa Zuwaira, wadda ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya a asibiti, an sami ɗa namiji. Mijinta Sagir mai gyaran wuta ne a kamfanin nan dai, wato a ƙarƙashin surukinsa yake aiki. Tun kafin a sallamo su Sagir ya aiko cewa sunan Baba za a sa wa yaron.

Foman ya dawo gida yana ta washe baki, ga ƙurajen nan sun ƙara tasowa sun yi jajir, makilin ya bushe a kansu ya yi fari. Tun daga zaure yake ɗaga murya.

"Ina takwaran nawa? Ina wanda ya zo ƙwace mini mata? A fito da shi mu gaisa!"

Zuwaira ta leƙo ta labule ta ga bakin mahaifinta, ta yi maza ta saki labulen. A wurin awo an sha gaya musu, kuma da safen nan ma kafin sallama nas ta sake nanatawa: duk mai ƙuraje a leɓe kada ya sumbaci jariri, kada yawunsa ya taɓa shi. To amma wa zai gaya wa Foman Idrisu haka?

Ta ce, "Baba, barci yake yi."

Ya je ya yi sallar magariba ya dawo.

"Baba, nono yake sha."

Washegari kafin ya fita aiki ya sake zuwa bakin ƙofa, aka ce ana yi masa wanka. Da ya dawo aka ce yanzun nan ya koma barci. Foman ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wai wannan yaro ma'aikacin dare ne? Kullum na zo yana barci!"

A kamfani kuwa Sagir ya shiga uku. Zuwaira ta roƙe shi ya yi wa Baba bayani, shi kuma ko ido ba ya iya haɗawa da surukinsa. Ya taho har gabansa ya durƙusa, ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Baba, wayar injin can na baya ce nake ganin ta tsufa." Daga nan duk inda ya hango Foman, sai ya ɗauki tsani ya hau sama duba fitilar da ba abin da ya same ta.

Ƙarshe dai matarsa Asabe ce ta fasa ƙwan. Ita ta daɗe da daina jin tsoron gyaran muryarsa. Ta ajiye masa tuwo, ta zauna a gefen tabarma.

"Malam, ba barci yake yi ba. Ɓoye maka shi ake yi."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Ni? A gidana?"

"Saboda bakinka. Likitoci sun ce ƙurajen nan suna kama jarirai, kuma in sun kama su ba wasa ba ne. Ka bari su warke, ga ka ga takwaranka."

"Wannan ɗan abin? Asabe, tun kafin in aure ki nake yin sa. Ya kashe ki?"

"Ni ai da haƙorana ka auro ni. Shi ko kwana bakwai bai yi a duniya ba."

"Yaran da na tauna wa dabino a Sharaɗar nan sun cika makaranta guda. Yau ni za a koya wa riƙon jariri?"

"Ba riƙo aka hana ka ba, baki aka hana ka. Ubansa ya riga ya tauna masa tun a asibiti."

Wannan magana ita ta fi ƙona masa rai. Sagir, yaron da ko gaisuwa ba ya iya yi sai ya yi in'ina, shi ya riga shi! Ya ture kwanon tuwo ya ce ya ƙoshi. Asabe ta ɗauke. Bayan ɗan lokaci ya ce a dawo da shi, ba don yunwa ba, don kada a yi almubazzaranci.

Da safe ya kai ƙara wurin limamin masallacin unguwa, Malam Muhyiddeen. Ya same shi yana shan shayi a zaure, ya zayyana masa yadda mata suka haɗa kai suna hana raya sunna a gidansa. Liman ya saurara har ya gama, yana kallon leɓen nasa.

"Malam Idrisu, ai an riga an yi abin da ake so, tunda uban yaro ya tauna masa. Kuma addini bai ce a cutar da jariri don neman albarka ba. Ka yi haƙuri ka warke."

Yana faɗa yana janye kofin shayinsa a hankali zuwa ɗaya gefen. Foman ya gani. Ya tashi ko sallama bai yi da kyau ba.

Ya isa kamfani a fusace, ya tarar Ɗayyabu bai zo aiki ba, kuma jiya ma bai zo ba. Ya yi ta faɗa, wai mutum daga an yi masa haihuwa sai ya ɗauka shi ne mai jegon. Ya rantse in bai gan shi gobe ba zai kai sunansa ofis.

Ran nan da wuri ya dawo gida, bayan la'asar. Ya tarar tsakar gida ba kowa. Asabe da Zuwaira suna bayan gida wurin wankan jego, ana jin ƙarar ruwa da hirarsu. Ya cire takalmi, ya lallaɓa kamar ɓarawo, ya ɗaga labule. Ga takwaransa nan kwance cikin farin zane, yana barci da gaske wannan karon.

Zuciyarsa ta narke. Ya ce a ransa, ɗan kaɗan zan shafa masa, wa zai sani?

Ya laluba aljihu. Dabino mai laushi ya ƙare, saura busasshe irin na Agadas, mai tauri kamar tsakuwa. Ya jefa a baki ya fara tauna da sauri. Sai ya ji takun Asabe tana tahowa ɗaukar tawul. Cikin gaggawa ya gartsa da dukkan ƙarfinsa, ya manta da ƙwallon da ke ciki.

Ƙas!

Ihun da Foman ya yi har maƙwabta sai da suka ji. Jariri ya farka ya canyara kuka. Asabe ta faɗo ɗakin ta ga mijinta durƙushe a ƙasa, ya riƙe kunci da hannu biyu, hula ta yi gefe, hawaye na zuba.

Abin da ta fara tambaya shi ne, "Ka taɓa shi?"

Ya girgiza kai.

"Ka rantse?"

"Wallahi ban kai ba. Asabe, haƙorina!"

Ta ɗauke yaron ta fita da shi tukuna, sannan ta dawo ta duba haƙorin. Haƙorin turmi na ƙasa ne ya tsage gida biyu.

Washegari kunci ya kumbura kamar ya ɓoye lemo a ciki. Sagir ya tari adaidaita sahu ya kai shi asibiti. Duk ramin da suka faɗa a titin Sharaɗa sai Foman ya yi salati ya zagi direba, Sagir kuwa ya kafe ido a waje yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa.

Likitan haƙori ya haska bakin, ya duba haƙorin, ya duba leɓen, ya ce, "Baba, haƙorin nan cirewa za a yi, amma ba yau ba. Zan ba ku maganin zafi da na kumburi, sai ƙurajen nan sun warke ku dawo. Herpes ne, kuma yanzu ne yake yaɗuwa."

Foman ya yi magana da gefen baki. "Hafizu? Wane Hafizu?"

"Ba mutum ba ne, Baba, sunan ƙwayar cutar ke nan. Mutane da yawa suna ɗauke da ita. In ta shiga jiki ba ta fita, sai ta kwanta, zazzaɓi ko gajiya su tashe ta."

Suka fito Foman yana gunaguni, wai yanzu har zazzaɓi an yi masa sunan Turanci. Hanyar fita ta bi ta gaban sashen jarirai. A nan kan benci suka ga Ɗayyabu zaune, ya yi zuru-zuru, ido ya faɗa, rigar da ke jikinsa duk ta yamutse.

Yana ganinsu ya miƙe da sauri ya durƙusa. "Foman, da kanku? Ga ku ba lafiya kuma kuka taso dubiya? Allah ya saka da alheri."

Foman, wanda ya riga ya shirya faɗan rashin zuwa aiki, ya haɗiye shi. "To, ai dole. Ya mai jikin?" Bai ma san wane ne mai jikin ba.

"Yaron ne. Ya daina kama nono, sai barci, jiki zafi. Uwarsa ta ga wasu ƙuraje masu ruwa a gefen bakinsa. Maƙwabta suka ce zafi ne a shafa hoda, ita ta ce sam sai asibiti. Muna zuwa suka karɓe shi. Wai wani ciwo ne, hafis."

Foman ya ji ciwon haƙorin ya ɗauke ɗif. Ya nemi benci ya zauna.

Ana haka likitar yara ta fito, wata mace mai fara'a, ta ce wa Ɗayyabu zazzaɓin ya fara sauka. Foman ya miƙe, ya cire hannu daga bakinsa, ya nuna mata leɓen.

"Likita, dubi nan. Ni na tauna wa yaron nan dabino, na sumbace shi, wannan abin yana bakina. Ni ne?"

Ta dube shi sosai kafin ta amsa. "Baba, ba zan iya rantsuwa ba. Sau da yawa jariri wurin haihuwa yake ɗauka daga uwa, ita ma ba ta san tana da shi ba. Amma mun bincika uwar ba mu ga alama ba, kuma abin a bakinsa ya fara. Zai iya yiwuwa daga wurinku ne."

"Zai rayu?"

"Muna sa rai sosai, don sun kawo shi da wuri. Ga babba ƙurji ne kawai. Ga jariri kuwa, jikinsa bai yi ƙarfin faɗa da shi ba, yana iya shiga ido, ya shiga hanta, ya shiga ƙwaƙwalwa. Mun duba, nasa bai kai can ba. Zai ɗau makonni ana ba shi magani ta jijiya." Ta ɗan yi murmushi. "Ku kuma yanzu kada ku shiga ciki."

Ta wuce.

Foman ya juya wurin Ɗayyabu. Mutumin da shekara da shekaru ake durƙusa masa, yau shi ya kai gwiwa ƙasa a barandar asibiti, da kumburarren kunci, mutane na wucewa.

"Ɗayyabu, ka yafe mini. An gaya mini a gida na ƙi ji. Jiya ma saura ƙiris in yi wa jikana."

Ɗayyabu ya dubi ƙofar ɗakin da ɗansa ke ciki. Sannan ya kama hannun Foman ya ɗaga shi.

"Ku tashi, Foman. Ni na je na kira ku, kuma da ni da ku ba wanda ya sani a lokacin. Ku dai taya mu addu'a. Abin da ke damuna aikin nan ne, kada a kore ni."

"Ba mai korarka ina raye."

Kuma ya cika alkawari. Ya je ofis ya nemar masa hutu, aka ce ba wanda zai riƙe injin buta. Ya ce akwai. Washegari ma'aikata suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Foman Idrisu ya cire babbar riga, ya sa takunkumi, ya tsaya kan inji. Rabonsa da wannan aiki tun kafin a haifi Zuwaira. Butocin farko da ya fitar duk bakinsu a karkace, wata ma ba ta da hanci. Ba wanda ya yi dariya a gabansa, amma an ce banɗakin kamfani ya cika da masu shiga su yi ta su fito.

In an tashi, sai ya ɗauki kwanon abincin da Asabe ta dafa ya kai asibiti, ya miƙa daga bakin ƙofa, ya tambayi jiki, ya juya.

Ranar sunan jikansa kuwa, an yanka rago, an raɗa wa yaro suna Idrisu, amma mai sunan ko tsoka ɗaya bai iya taunawa ba, kunu ya sha. Sai ya ɗauki kujera ya dasa a bakin zaure ya zama mai gadi. Duk wanda zai shiga barka sai ya tsaya an duba leɓensa, an zuba masa ruwa da sabulu ya wanke hannu. Har yayarsa da ta taso daga Bompai da tawagarta sai da ya tsayar.

Ta ce, "Idrisu, lafiyarka kuwa? Ni da na goya ka?"

"Yaya, ba raini ba ne. Mene ne wannan a gefen bakinki?"

Ta sa yatsa ta shafo ta duba. "Alkaki ne, ɗan nema! A mota na ci."

Ya ba ta hanya, amma sai da ta wanke hannu.

Ƙurajen suka bushe, ɓawon ya faɗi, wurin ya warke sumul. Aka cire haƙori. Ranar da Asabe ta duba bakinsa ta ce ya yi, Zuwaira da kanta ta kawo masa takwaransa ta ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana kallon yaron, yana share ido da hannun riga.

Bayan wasu makonni aka sallami ɗan Ɗayyabu, ya murmure, yana kama nono kamar zai cinye uwar. Likita ta ba su maganin da za a ci gaba da ba shi a gida, ta ce su riƙa kawo shi ana dubawa. Foman ya tafi Ja'en yi musu barka da arziki. Ya yi sallama, ya zauna a kan tabarma, ya miƙa hannu biyu a ba shi yaron.

Matar Ɗayyabu, wadda ko muryarta bai taɓa ji ba saboda kunya, ta tsaya daga bakin ƙofa rungume da ɗanta. Ba ta matso ba. Kanta a sunkuye ta ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ku ɗan matso wurin haske in gani."

Ɗayyabu ya zaro ido, ya rasa inda zai sa kansa.

Foman Idrisu ya miƙe, ya taka zuwa tsakar gida inda rana take, ya ɗaga kai sama, ya turo leɓe gaba kamar ragon da ake dubawa a kasuwa. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta miƙa masa sabulu. Da ya wanke hannu ya goge, ta sa masa yaron a hannu.

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ko limamin Juma'a ne ya zo, haka za ki yi masa."

Darasi: Girma da shekaru ba sa hana mutum ɗaukar cuta a bakinsa, kuma wanda aka gaya wa gaskiya ya ji, bai ragu da komai ba. In kana da ƙuraje a leɓe, kada ka sumbaci jariri, kada ka tauna masa komai, ka wanke hannu kafin ka ɗauke shi. Iyaye, kada kunyar manya ta hana ku kare ɗanku. In jariri ya yi zazzaɓi, ya ƙi nono, barcinsa ya yi yawa, ko kuka ga ƙuraje masu ruwa a jikinsa, ku garzaya asibiti a ranar. Mai ciki kuma in ta taɓa ganin irin ƙurajen nan a gabanta, ta faɗa a wurin awo. Ku tura wannan labari ga masu jego da kakanni, musamman kakan da kuka san ba wanda ke iya gaya masa a ido.